Kada Ku Hutar da Uwarku

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ni ne Yusha'u ɗan Abu, tsohon direban layin Jibiya zuwa Maraɗi. Ina rubuta wannan da hannuna, da ɗan bokon da na koya a ajin yaƙi da jahilci, cikin hankalina, ba wanda ya tilasta ni, ba wanda ya raɗa mini abin da zan faɗa. Shaiduna biyu ne, Liman Zunnuraini na masallacin unguwarmu da abokina Abdu mai faci. Kafin in fara, Liman ya tambaye ni ranar yau da watan da muke ciki, na faɗa masa, na ƙara masa da lambar motar da na fara ja shekara arba'in da shida da suka wuce. Ya ce ya isa haka.

Jiki ne ya gaji. Ƙafafuna sun kumbura, numfashi ba ya kai ni daga ɗaki zuwa zaure sai na tsaya a hanya, kuma likita a Katsina ta ce zuciyar ta yi rauni. Ban buƙaci ta faɗa ba. Wanda ya daɗe a hanya ya san ƙarar injin da ya kusa tsayawa. Rubutun nan ma kwana huɗu na yi ina yinsa, in yi layi goma in ajiye biro, don haka in kun ga ya karkace wani wurin ku yi haƙuri da shi.

Zuwa gare ku 'ya'yana uku: Abdulfatah, Hassana da Zubairu. Kai na farkon, tun da aka raɗa maka suna ban taɓa kiransa da bakina ba, saboda kunyar ɗan fari. Yau ga shi na rubuta, domin maganar da zan yi ta fi ƙarfin kunya.

Mutuwa ba ta tayar mini da hankali yadda na zata. Abu ɗaya ne ya hana ni sakewa, shi ne uwarku Hajjo. Ina tsoron bayan raina ku kashe mata hankali da alheri, kamar yadda na yi wa tawa uwar. Duk abin da za ku karanta a ƙasa, a kan wannan yake.

Na ɗaya. Gado Allah ya riga ya raba shi, ni ban isa in sa hannu ba, kuma Liman ya tuna mini cewa ba a yi wa magaji wasiyya. To ba wasiyya nake yi ba a nan, roƙo nake yi. Gidan nan kada ku raba shi, kada ku sayar, muddin uwarku tana numfashi. Gonar Daddara ku raba yadda shari'a ta ce. Awakin da ke bayan gida da tukwanen daddawa ba nawa ba ne, nata ne tun asali, kada wani ya lissafa su cikin kayan mamaci. Rigunana a ba Abdu ya zaɓa, sauran a kai tasha, akwai masu buƙata.

Yanzu ku saurari labarin kakarku, Iya Barira. Kun san ta, amma kun san ta ne a ƙarshe, tsohuwar da ake kulle wa ƙofa. Ba ku san ta lokacin da take ita ba.

Iya ƙuli da man gyaɗa take yi. Kullum da hantsi za ta ɗora faranti ta taka har Magama, inda manyan motoci ke jeruwa suna jiran kwastan su sallame su. Ta san kowane direba da sunansa da garinsu, ta san wanda matarsa ta haihu, ta san wanda ba ya son yaji. Da Buzaye ta iya ciniki, da mutanen Maraɗi kuma ta iya tsiya. In ta dawo da la'asar sai ta zauna ta juye mana labarin boda kaf, har ta kwaikwayi muryar jandarman Nijar. Ban taɓa jin ta ce ta manta wani abu ba.

Da babanmu ya rasu ta shiga takaba, aka yi mata irin ta mutanen da: tufa ɗaya, tabarma ɗaya, wuƙa a hannu, ba fita, ba ɗaga murya. Da ta fita takabar sai ta wanke farantinta za ta koma. A shekarar nan ne na sayi motar kaina, na je Makka, aka fara ce mini Alhaji. Ran nan a tasha wani ya yi mini shaguɓe, wai ga mai mota, ga uwarsa tana bin tayoyin tirela da ƙuli. Aka yi dariya. Na dawo gida raina a ɓace, na ɗauke farantin na jefa saman rumbu, na ce daga yau ta huta, ta gama wahala a duniya. Ta roƙe ni, na ƙi. Mutanen unguwa suka yi ta sa mini albarka, wai ɗa na gari ke nan.

Na gyara mata ɗaki, na shimfiɗa darduma, na sayo rediyo. Nama kullum, shayi mai kauri safe da yamma, sukari sai ta ce ya isa. Ko buta ba a barin ta ta ɗauka. Da safe mu durƙusa a bakin ƙofa mu gaishe ta mu tashi, don a wajenmu zama a yi hira da tsohuwa raini ne. Ba mai yi mata musu, ba mai tambayarta shawara, ba mai kawo mata tsegumi. Tana yawan cewa ƙeyarta na sara mata, muka ce rana ce. Kunnenta ya fara nauyi, muka ce tsufa ne, muka daina yi mata magana sai ta dole.

Shekara uku ba su cika ba ta fara zuba takalmanta cikin randa. Sai ta fara rikita raka'a, ta idar da salla ta sake tayarwa. A ta huɗu sai ta riƙa sulalewa da murfin kwano a ka, ta nufi Magama. Sau biyu ma'aikatan shinge suna maido ta. Ran nan ina dawowa daga Maraɗi da fasinja na hango ta a bakin hanya, ba takalmi. Na tsaya na sa ta a gaba. Ta dube ni da ladabi ta ce, "Malam direba, don Allah ka sauke ni gida, ɗana Yusha'u yana jirana." Na kawo ta gida. Daga ranar na sa kwaɗo a ƙofarta, kuma a bayan kwaɗon nan ta yi shekara biyu kafin Allah ya karɓi abarsa.

Shekara ashirin da biyar ina cewa gigin tsufa ne, kowa ya daɗe zai gan shi. Sai bara, da nake kwance a asibiti, na ba likitar nan labarin, don ta ga hawaye a idona ta tambaya. Ta ce abin da Iya ta yi ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba kowane tsoho ke yinsa ba. Ta ce ba wanda zai rantse cewa da an bar ta da farantinta ba za ta kamu ba, don wani ko me aka yi sai ya same shi. Amma ta ce akwai abubuwan da ke buɗe masa ƙofa, kuma yawancinsu a hannun mutum suke: hawan jinin da ba a kula da shi ba, ciwon suga, zama wuri ɗaya, kaɗaici, kunnen da ya toshe aka ƙyale, taba, buguwa a kai. Tana lissafawa ina jin kamar ɗakin da na gyara wa Iya take zanawa. Ta ce in daina zargin kaina, ban sani ba ne. Na gode mata, amma ban daina ba.

Uwarku yanzu shekararta sittin da huɗu, kusan daidai inda Iya take lokacin da na ɗauke farantin. Jininta yana hawa. Kunnenta na hagu ya fara nauyi, ko da yake ita cewa take ni ne ke magana ƙasa-ƙasa. Sau biyu a bana ta tsaya tana laluben sunan jikanta. Wannan ba komai ba ne tukuna, har yanzu in muka yi gardama ita ke cin nasara, kuma tana iya tuno mini laifin da na yi tun kafin a haifi Zubairu. Amma na ga farkon hanyar nan sau ɗaya, ba na son in yi kamar ban gane ta ba.

Na biyu, takaba. Za ta yi mini wata huɗu da kwana goma, wannan umarnin Allah ne. Amma na zauna da Liman na tambaye shi filla-filla abin da addini ya ce da abin da mutane suka ƙara. Ya ce ta kwana a gidan mijinta, ta bar ado da turare, kada a yi mata maganar aure. Ya ce da rana tana iya fita don buƙatarta, tana iya aikinta, tana iya magana da mutane. Wuƙa da zaman tabarma ɗaya da rufe baki ba su cikin littafi. Na san tsofaffin unguwa za su zo da nasu dokokin, kuma na san ita ma za ta so ta bi su don kada a ce ba ta ji mutuwata ba. Hassana, ke na ɗora wa wannan. Ki bar ta ta share tsakar gidanta, ta ba awakinta dusa, ta dafa kalwarta. In wata ta yi magana ki ce mamacin ne ya ce, ta je ta tambayi Liman. Ni dai ba zan ƙaru da komai a kabari ba don an zaunar da ita kamar kayan ajiya.

Na uku, kuma shi ne mafi nauyi. Abdulfatah, na ga ɗakin da ka gina mata a gidanka na Katsina. Ka zagaya da ni, ka nuna mini tayil da na'urar sanyaya ɗaki da talabijin, na ce ya yi kyau, kuma ya yi kyau ɗin. Na kuma ga katangar, da ƙofar ƙarfe, da layin da ba kowa a kai sai motoci. Kai ka fita tun safe, matarka tana wurin aiki, yara suna makaranta. Wa za ta yi wa faɗa? Wa zai leƙo ya ce ta ara masa turmi? Na san zuciyarka, irin tawa ce, shi ya sa nake tsoronta. Kana jin kunya a ce uwar babban ma'aikaci tana zaune a rumfa a Magama tana sayar da daddawa. Na san zafin wannan kunyar, na ɗanɗana ta, kuma na faɗa maka abin da na saya da ita.

Ka bar ta da rumfarta. Tafiyar da take yi zuwa bakin titi ta hau mota, da wadda take yi daga inda aka sauke ta zuwa rumfa, kada ka ce za ka ɗaukar mata mai babur ya riƙa kai ta har ƙofa. Ƙawayenta na can, har da masu tsallakowa daga Ɗan Isa, su ne maganin da ba a sayarwa a kemis. Rabin yini suna musu a kan wadda daddawarta ta fi ƙamshi, su yi fushi, su shirya kafin azahar. Ko shekarun da aka rufe boda, ciniki ya mutu, ba ta fasa zuwa ba, kuma ni ban hana ta ba ko da yake ba ta dawowa da komai sai labari. Makarantar Islamiyyar da take zuwa Asabar da Lahadi ma kada ta yanke. Ta fara haddar izu na uku da tsufanta, tana yi tana zubarwa tana sake kwasa, kuma likitar ta ce wannan wahalar ita ce ake so. Motsi ya fi laɓewa.

Ban manta da hujjarka ba, kuma ba ƙaramar hujja ba ce. Ƙasar nan ba lafiya, mun kwana da fargaba ba sau ɗaya ba, mun san gidajen da 'yan bindiga suka shiga. In abin ya kai inda zama ba zai yiwu ba, ka ɗauke ta, ban hana ba, rai ya fi komai. Amma ka ɗauke ta da tukwanenta da akuya ko biyu ne. Ka nema mata unguwar da mutane ke shiga gidan juna ba sai an fara bugo waya ba, ko da ba ta kai taka tsada ba. Ka sa ta a makaranta a makon farko. In ka kai ta bayan ƙofar ƙarfen nan ka ce ta huta, ban yafe wannan ba, ko da na yafe maka komai.

Na huɗu. Na'urar awon jinin da ke cikin akwatina, Hassana ta riƙe. A auna ta duk ranar Juma'a, a rubuta a takarda, a tafi da takardar in za a ga likita. Ƙwayar hawan jini ba a shan ta sai ran da kai ya yi ciwo, kullum ake sha. Ni na yi wannan wautar shekara goma, in na ji sauƙi in ajiye in koma jiƙe-jiƙe, ga shi yau ina hawa dakalin ƙofar gidana kamar mai hawa dutse. Uwarku gwana ce wajen ɓoye ƙwaya a ƙarƙashin filo, ku riƙa dubawa. A gwada mata suga ko sau biyu a shekara.

Gishiri da dunƙule a rage. Mai daddawa a ɗaki ba ta da uzurin zuba dunƙule biyar a tukunya ɗaya. Zogale da rama da wake da gero da muka tashi da su, waɗanda kuka fara rainawa da kuka ga gari, su ne likitar ta yaba. In za ku yi mata tsaraba, ku bar katan ɗin lemon kwalba da madarar gwangwani, ku kawo kifi da lemon ɓawo. Murhun dafa kalwa kuma a fito da shi fili, ta daina shaƙar hayaƙi a cikin wannan ɗan ɗakin girkin. Na sha cewa zan yi, ƙarfi ya ƙare ban yi ba. Zubairu, aikin yini ɗaya ne.

Na biyar. A kai ta a duba kunnen nan kafin shekara ta zagayo. In an ce sai ta sa ɗan abin ji, a saya, a lallashe ta ta sa. Za ta ce ita ba kurma ba ce, za ta ce mutane za su yi dariya. Ku bar su su yi. Wanda ba ya ji yakan gaji da cewa "na'am?" sai ya yi shiru, in ya yi shiru sai a manta da shi a cikin taro, daga nan sai ya fara zama shi kaɗai ko da gida cike yake. Haka Iya ta yi a gabana. Idon ma a duba, in yana ta fara rufe shi a cire.

A nan na ajiye biro jiya, don hannun ya ƙi. Yau na karanta abin da na rubuta, na ga duk a kan uwarku na tsaya, kamar ku ba za ku tsufa ba.

Na shida, naku ne. Likitar ta ce abin nan ba ranar da aka ga alamarsa yake farawa ba, tun mutum yana da arba'in yake tara masa kaya. Abdulfatah, ka wuce arba'in. Tumbin nan da abokanka ke cewa alamar hutu ce, ni ban ga hutu a ciki ba. Masallacin da ke ƙarshen layinku ma da mota kake zuwa. Ka riƙa takawa, ka je a auna ka, kada ka jira sai ka faɗi a ofis. Zubairu, kai kuma na san kana shan taba a bayan garejin Abdu, na daɗe da sani, na yi shiru ne don ni ma na sha shekara talatin kuma ba ni da bakin faɗa. Yanzu ina da shi, don ga sakamakon a ƙirjina. Ka bari. Ƙwayoyin da 'yan babur irinka ke haɗiya don su yi sawu biyar a yini zuwa tsallaken boda, in ka fara ka tsaya, in ba ka fara ba kada ka kusance su. Hular kwano kuma da ka rataye a ƙusa, ba don ƙusar aka saye ta ba. Sau biyu kana faɗuwa a kan kanka, ka tashi ka karkaɗe riga ka ce ba komai. Kan mutum ba ya manta irin wannan, ajiyewa yake yi. Hassana, ke matsalarki ɗaya, kin iya haɗiye damuwa ki ce lafiya lau. Ki riƙa faɗa wa wani, ko uwarki ce, ita ma zai ba ta abin yi.

Na bakwai, wani haƙƙi ne a wuyana. Lokacin da Iya ta rikice, dangi suka ce sammu ne, kuma aka nuna Baba Adama ta Farfaru, ƙawarta da suke zama rumfa ɗaya, wai don ta gaje mata masu saye. Na yarda, domin ya fi mini sauƙi in zargi wata da in dubi saman rumbun da na jefa farantin. Na je har rumfar na ci mata mutunci a gaban jama'a. Ita kaɗai ce ke zuwa ta zauna da Iya su yi hira, ni kuma na hana ta shiga gidan. Tana nan da ranta, ta haura tamanin da biyar, an ce har yanzu ita ke ɓare gyaɗarta kuma ba a cin ta da wayo. Sau uku ina shirin zuwa, kunya tana mayar da ni, yanzu kuma ƙafa ta ƙi. Ku je ku uku, tare, ku durƙusa ku ce Yusha'u ya ce ƙarya ya yi mata, ta yafe masa don Allah. In ta ƙi, tana da gaskiya, kada ku yi mata musu.

Na takwas. Abdulfatah da Hassana, tun ƙaramar salla ba ku yi wa juna magana ba, kuna zaton ban lura ba. Na ji abin da aka faɗa a tsakar gida ranar. Ke kin ce yana so ya sa uwarku a keji don a ce ya yi. Kai ka ce tana so a bar ta a Jibiya ne don ta samu mai yi mata reno. Kowannenku ya faɗi abin da ya san zai yi zafi, kuma kowannenku ya ɗan taɓa gaskiya. Hassana, ra'ayinki na bi a takardar nan, amma kada ki ɗauke ta ki riƙa kaɗa wa yayanki a fuska. Shi tsoro yake ji, ba girman kai ba ne kaɗai. Kuma reno in ya yi yawa shi ma wahala ne, jikoki su zo su yi mata surutu su tafi, ba a jibge mata su ba. Ke ce ƙarama, ke za ki fara gaishe shi, kuma ina so a yi haka kafin a ɗauke ni daga gidan nan, ba a zaman makoki ba. Kai kuma ka riƙa zuwa da kanka. Saƙo ta waya ba ya zama a tabarma. In ka zo kada ka tsaya a bakin ƙofa ka gaishe ta ka tashi irin yadda na koya maka. Ka shiga, ka zauna, ka tambaye ta shawara a kan abin da ya dame ka da gaske, in ta faɗi abin da ba daidai ba ka yi mata musu cikin ladabi. Ni na koya muku cewa wannan raini ne, kuma kuskure na koya muku.

Na tara, na ƙarshe. Mai yiwuwa ku yi duk wannan, abin kuma ya zo. Mu namu sababi ne, hukunci na Allah ne. In ya zo, kada ku ce aljanu, kada ku nemi wanda za ku nuna, ku kai ta asibiti da wuri. Kada ku yi mata tsawa in ta maimaita tambaya. In ta ɗauki hanya, wani ya bi ta su taka tare har ta gaji, su dawo. Ba na son kwaɗo a ƙofarta.

Kuma wata rana za ta iya tambayarku ina nake, alhali na daɗe a ƙasa. Kada ku riƙa sabunta mata mutuwata kullum, ta yi kukan sau ɗaya ya isa. Ku zauna kusa da ita ku ce ta ba ku labarin irin mutumin da nake. Za ta fara da taurin kaina, ta gangaro kan yadda nake shigowa da takalmi inda ta share, da alkawarin kai ta Maraɗi yawon buɗe ido da na yi mata tun tana amarya ban cika ba, alhali kullum can nake yini. Shekara arba'in da biyar ta tara, ba za ta ƙare da wuri ba. Ku bar ta ta faɗa, ku yi dariya inda ya kamata, kada wanda ya kare ni.

Na gaji, zan tsaya nan. Na yafe muku abin da na sani da wanda ban sani ba, ku ma ku yafe mini, na yi muku faɗa da yawa kuma ban zauna da ku yadda ya kamata ba. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'yan da za su ji ƙanku da sani, ba da ƙauna kaɗai ba. Allah ya tsare ku daga tsufan da mutum ba ya gane nasa. Ku riƙe salla, ku riƙe juna, kowace Juma'ar farkon wata ku haɗu a gidan nan ku ci tuwo a kwano ɗaya, ko kuna fushi da juna. Ita za ta tuƙa, kada wanda ya karɓe mata muciya.

Wassalamu alaikum. Mahaifinku, Yusha'u ɗan Abu, Jibiya.